Guɗar Zaituna a Gidan Ummu Haisam

A'a, Zulfa, ajiye jakar nan tukuna. Ba inda za ki hau. Ni ba tsare ki na yi ba, ƙofar ce ta yi ƙunci, ni kuma na yi faɗi, gwiwata kuma ta ce a nan take son hutawa. Ki rage murya, yanzu yaron ya samu barci, uwarsa kuma tana ɗaki tana jin duk abin da kike faɗa.

Tun da kika shigo maganarki ɗaya ce. Zaituna ba ta ji, Zaituna ba ta da lissafi, ta zubar da mutuncin 'yan Najeriya a Alƙahira. Ke kina can Ma'adi cikin itatuwa, gidan ma'aikatan jakadanci, a waya aka ba ki labari, wadda ta ba ki ma a bakin 'yan unguwar Hayyus Sabi' ta tsinta. Ni kuwa a gindin matakalar nan nake tsaye da jariri a hannu lokacin da abin ya faru. Zauna in gaya miki. In ba za ki zauna ba, ki ji a tsaye, ƙafarki ce.

Kunnenta da matsala, wannan ban ɓoye wa kowa ba. Tun tana yarinya na san ta a Gumel, gidansu na kallon namu. In 'yan mata sun fita dandali, tafi kawai ake bari ta yi. A Islamiyya malaminsu da kansa ya roƙe ta, ranar walima ta riƙa motsa baki kawai, Allah zai ba ta lada. Magana tana jin ta sarai, ko raɗa kika yi a kicin sai ta ji. Amma murya ta hau ko ta sauka, ta yi zaƙi ko ta yi ɗaci, ita duk ɗaya ne a wurinta. In tana yi wa yaron nan waƙar rarrashi, sai ki rantse injin markaɗe aka tayar a maƙwabta. Mijin nata kuwa, Illiyasu autana, kin san muryar da Allah ya ba shi, in ya ja baƙi har Misrawa tsayawa suke a bakin masallaci. Ya sha zaunar da ita yana koya mata. Ya ce, "Kin ji nan na hau?" Ta ce ta ji. Ya sauko, ya ce, "To yanzu fa?" Ta ce, "Yanzu ka ɗan rage ƙarfi." Da kansa ya haƙura.

Abu ɗaya ta iya, guɗa. Ita guɗa ba ta da hawa da sauka, numfashi take so, Zaituna kuwa numfashin raƙumi gare ta. Ranar sunan yaron nan, ai kina nan, a kujerar can kika zauna kina fifita da gyale. Ta toshe hanci ta rangaɗa guda ɗaya, har mai gidan nan ta sauko daga sama da silifas ɗinta tana tambayar wace ce. Ummu Haisam ke nan. Su a nan da sunan ɗan fari ake kiran mace, sunan da mu ko ana yanka mu ba ma faɗa. Mijinta ya rasu tun shekarar da aka yi girgizar ƙasa, ya bar mata benen nan da ɗa namiji ɗaya tal, Haisam, yana aiki a can bakin teku. Matar nan ta rungume Zaituna a gaban kowa ta ce, ranar auren Haisam ba wadda za ta fara yi masa guɗa sai ita. Daga ranar, in sun haɗu a matakala sai ta kama hancinta ta yi dariya, Zaituna ma ta kama nata. Hirarsu ke nan, tunda Larabcin Zaituna bai wuce na sayen burodi ba.

Kuma kin san wahalar da Illiyasu ya sha kafin ya samu gidan nan. Ɗalibi, baƙar fata, ga iyali. Duk unguwar nan ta Abbasiya ya zaga, ana ganin fuskarsa sai a ce an riga an kama. Matar nan kaɗai ta buɗe masa ƙofa.

To, ranar Laraba ce, ana gobe ɗaurin auren Haisam. Da sassafe muka fita kai yaron allura. Asibitin da nisa, ga layi, sai bayan la'asar muka sauko daga bas. Muna shigowa layinmu sai ga rumfa ana kafawa, irin jar nan mai zane-zane. Ana ta sauke kujeru daga mota, wani yana kan tsani yana jan wayar lantarki. Ke kin daɗe a garin, kin san rumfar biki da ta mutuwa duk ɗaya ce a wurinsu, mutum ɗaya ne ma yake ba da hayarsu. Mu wa ya gaya mana?

Zaituna ta ce, "Inna, kin gani? Har sun fara. Ango ya iso ke nan!"

A daidai lokacin na jiyo ƙara daga can saman bene. Ni ba na jin Larabci, in ban da ma'alish da khalas da yalla da nake tsinta a bakin direbobi. Amma wannan ƙarar ba ta bukatar tafinta. Mace ce ta ja murya sama, siririya, sai ta karye a ƙarshe ta faɗo. Guɗa ba ta faɗowa, Zulfa, ke kin fi ni sani, a miƙe take tafiya ta tsaya cak. Wannan kuwa kamar an saki guga a rijiya. Wata ta karɓa, ita ma ta faɗo.

Ina buɗe baki, sai kawai na ji yaro a hannuna.

"Riƙe min shi, Inna, sun riga ni! Na yi mata alkawari!"

Na ce, "Ke Zaituna! Zaituna, tsaya!"

Ina! Ta yi sama. Hasan mai gadi ya miƙe daga bencinsa yana ɗaga hannu yana wata magana, ta wuce shi kamar iska. Na kama ƙarfen matakala na ɗaga ƙafa ɗaya, gwiwa ta ce ba da ita ba. Ga jariri da zafin allura yana tsala ihu. Ina jin takunta tana zagaya hawa bayan hawa, ina kiran sunan Allah, ina cewa ko ta yi tuntuɓe, ko zaninta ya kwance, ko wani ya tare ta a hanya. Ba wanda ya tare ta.

Sai na ji ta. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin guɗa mai tsawon wannan ba, ko kuwa ni ce na ji ta da tsawo. Masu kafa rumfa suka tsaya. Na kan tsani ya waigo. Da ta dire, gidan nan gaba ɗaya ya yi tsit, har kukan matan ya ɗauke. Wannan shirun ya fi min kukan tashin hankali.

Can sai ga ta tana saukowa a hankali, takalmi ƙafa ɗaya, ba gyale. Ta tsaya a gabana ta ce, "Inna, a ƙasa suke zaune."

Na ce, "Ba ki ga baƙaƙen kaya ba?"

Ta ce, "Inna, ai kullum baƙi suke sawa, ko kasuwa za su."

In tana guɗa rufe ido take yi. Ta faɗa tsakiyar falon ido a rufe, sai da ta gama ta buɗe. Motar da ta ɗauko Haisam ce ta kife a hanya, da hantsi labari ya iso, muna can muna bin layi.

Kada ki ce min kin san wannan, ba ki san kwanakin da suka biyo baya ba. Na sa Illiyasu ya koya min gaisuwar mutuwarsu, ina ta maimaitawa kamar mai hadda, amma ba wanda ya tsaya balle in faɗa masa. In na buɗe ƙofa, ta maƙwabta ta rufe. Hasan mai gadi da kullum yake ce min Hajja yana karɓar min kaya, sai ya koma kallon ƙafarsa. Kwandon da muke zurawa ta baranda mai shago ya sa mana burodi, na zura shi ya fi a ƙirga, haka nake jawo shi wayam. Ƙanin Ummu Haisam, wani mai gemu da ake kira Hadi, ya tare Illiyasu a matakala, ya yi ta nuna ƙofarmu yana nuna titi. Wannan ma ba ya bukatar tafinta.

Illiyasu ya shigo ya zauna a nan inda jakarki take. Ya ce, "Inna, in suka tashe mu, ba ni da inda zan kai iyali. Ɗakin ɗalibai zan koma. Ita kuma sai ki tafi da ita gida."

Na ce, "Zuwa yaushe?"

Ya ce, "Ban sani ba."

Ni na haife shi. Na san irin wannan ban sani ba ɗin, a bakin ubansa na fara jin ta. Ga karatu da saura shekaru a gabansa, ga abokai na yi masa dariya a bayan ido, shi mai muryar da ake tsayawa saurare ya auri wadda ba ta bambance kuka da guɗa. Yarinyar da aka mayar gida a haka, ke ma kin san ba kasafai ake aiko mata da tikitin dawowa ba. Bai kalli Zaituna ba, ya tashi ya fita masallaci. Kin san abin da ta ce min? Ta ce, "Inna, alhamdu lillahi bai yi fushi ba, ko murya bai ɗaga ba." Kalmomin ta ji, sanyin da ke cikinsu bai shiga kunnenta ba. Na ce mata haka ne, tashi ki sha kunu. Ba ta sha ba. Nononta ya fara ja baya, yaro na ta tsotsa yana saki yana kuka. Ni kuwa duk takun da na ji a matakala sai in ce shi ke nan, mai gemu ne ya zo da 'yan ɗaukar kaya.

Da aka kwashe rumfa, baƙi suka ragu, sai aka ƙwanƙwasa. Na ɗauki lokaci kafin in buɗe. Fatna ce, Bahausar Sudan ɗin nan mai sayar da turaren wuta a bayan layi. Ta ce, "Hajiya, Ummu Haisam na kiranki. Ke kaɗai. Ta ce in zo in yi muku tafinta."

Na ce, "Fuskarta fa?"

Ta ce, "Fuskar wadda ta binne ɗa, me kike so in ce miki?"

Na hau. Yadda na hau, ni da gwiwata muka sani. A kowane hawa sai na tsaya, ba don gajiya kaɗai ba, ina neman abin da zan faɗa ne, ban samu ba. Muka shiga. Falo cike da kayan ango, firji ko ledarsa ba a cire ba, kwalayen tangaran jere a jikin bango, katifa a tsaye. Tana zaune a ƙasa a tsakaninsu, ta rame kamar ba ita ce mai dariyar nan a matakala ba. Ƙanin nata yana tsaye bakin taga, hannu a baya. Aka kawo min gahawar nan tasu mai ɗaci, na kurɓa, na faɗi gaisuwar da na haddace. Ko daidai na faɗa ko ba daidai ba, ta amsa.

Sai ta yi magana, gajeriya. Fatna ta ce, "Tana tambaya, me ya sa yarinyar ta yi abin da ta yi?"

Zulfa, na buɗe baki zan ce kuskure ne, kunnenta ne, a yi mana afuwa. Wallahi shi ne a kan harshena. Sai na dubi matar. Na yi zaman makoki da yawa a duniya, na san idon mai neman wanda zai huce a kansa. Wannan ba shi ba ne. Ta ɗan karkato gaba, ta riƙe numfashi, kamar mai jiran likita ya fito daga ɗaki. Akwai amsar da take so, ni dai ban san wace ce ba.

Na ce wa Fatna, "Gaya mata, mu a wurinmu ango ake yi wa guɗa. Ta yi alkawari za ta yi wa Haisam, ta kuma yi masa."

Fatna ta kalle ni ta gefen ido. Na ce, "Faɗi yadda na faɗa, kada ki sa gishiri." Ta faɗa.

Matar nan ta dafe ƙirji da hannu biyu. Ta ce, "Aris." Ango ke nan da yarensu. Ta sake cewa, "Aris," sai kuka, amma ba irin mai faɗowar nan ba, wani ne daban, mai fita da sauƙi. Ta kama hannuna ta riƙa magana, Fatna na binta da ƙyar. Wai a ƙauyen kakarta can kudu, in saurayi ya rasu bai yi aure ba, da guɗa ake fitar da shi, a raka shi a matsayin ango. Wai tun da labari ya zo abin ke cikin ranta, amma maƙogwaronta ya ƙi, kuma ta san ƙaninta ba zai bari ba. Wai gida ya cika da 'yan'uwanta na jini, kowa na cewa mamaci, mamaci, ba wanda ya tuna gobe aurensa, sai baƙuwa daga ƙasar baƙaƙe.

Mai gemu ya juyo ya fara faɗa. Ta ɗaga masa hannu ɗaya ta ce, "Khalas." Wato zance ya ƙare, wannan na ji da kunnena. Sauran Fatna ta fassara min a matakala, wai ta ce gidan nata ne, kuma muddin tana numfashi ba mai taɓa mu. Kafin mu fito, Ummu Haisam ta ba ni gyalen Zaituna a ninke da takalminta ƙafa ɗaya.

To kin ji inda muke tsaye. Ba a kan dutse muke ba, a kan kalmar mace ɗaya muke. Mai gemu har yau in ya wuce ƙofar nan sai ya yi tsaki, jira yake. Illiyasu ya fara cin abincinta, amma bai fara kallonta ba tukuna. Jiya ne kawai kwando ya hawo da burodi.

Yanzu ke kin zo da turarenki da Larabcinki mai kyau, za ki hau ki yi bayani. Ki ce yarinyar 'yar ƙauye ce, kunnenta a toshe yake, ta zaci biki ake, kina ba da haƙuri a madadin 'yan Najeriya. Wa ya aike ki? Su 'yan Najeriyar sun taru ne sun naɗa ki?

Na ji, na ji. Ƙarya haramun ce. To nuna min ƙaryar. Ba ango ake yi wa guɗa a Gumel ba? Ba ta yi alkawari ba? Ba ta cika ba? Abin da ban faɗa ba, ban faɗa ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne, kuma kada ki zaci ina barci mai daɗi a kansa. In da laifi ni zan ɗauka, na ga kafaɗarki ba ta saba da kaya ba.

Wai kada Misrawa su ce Hausawa na guɗa a gidan mutuwa. Su ce mana. Wace Bamisriya ce za ta je Gumel ta bincika?

Ke dai Allah ya ba ki kunne, ban musa ba. In ana bege ke ake ba gaba, in wata ta kauce kaɗan ke ce mai juyowa ki harare ta. Ranar da baffanki ya rasu, mijina, ke kika ja mana bege a tsakar gida har maza na share hawaye a zaure. Kina direwa kika matso kusa da ni, ina cikin takaba, ko wanka ban yi ba, kika ce, "Inna, dardumar nan tasa ta Madina, tunda yanzu ba mai sallah a kanta, ko zan ɗauka?" Na ba ki. Ban taɓa tayar da maganar ba, yau ma ba don ki dawo da ita na faɗa ba. Ina dai nuna miki ne, rashin ji iri-iri ne. Na Zaituna a kunne ya tsaya. Tun da ta gane abin da ta yi, ko tari ba ta yi da ƙarfi a gidan nan, kada matar ta jiyo muryarta ta tuna. Jiya da Ummu Haisam ta aiko a kai mata yaron ta gani, rarrafe kawai Zaituna ba ta yi ba a gabanta. Ta zauna ta wanke mata kofuna, matar na shafa kanta.

Ki bar cewa gaskiya, gaskiya. Gaskiyar taki in ta hau bene, kin san abin da za ta sauko da shi? Mai gemu zai samu abin da yake jira. Illiyasu ya kwashi littattafansa ya koma ɗakin ɗalibai. Ni in kama hannun yarinya da jariri mu nufi filin jirgi, ke kuma ki koma Ma'adi ki ba da labari a waya cewa kin gyara. Ita kuma ta sama, a bar ta da firji a leda, da sanin cewa abu ɗaya da ya sanyaya mata rai a makon nan shirme ne na wadda ba ta bambance kuka da murna.

Har yanzu kina riƙe da jakar. To shi ke nan, ba zan yi kokawa da ke ba, na tsufa. Ga hanya, na matsa. Hawa na ƙarshe, ƙofar hannun dama, a buɗe take, tana zaune a ƙasa kusa da katifar. Amma kada ki fara da maganar Zaituna. Ki durƙusa a gabanta, ki dubi tsakiyar idonta, ki ce mata da Larabcin nan naki mai daɗi, ɗanki ba ango ba ne, ba wanda ya yi masa guɗa, gawa kawai aka fitar. In bakinki ya iya faɗin wannan, ki leƙo ta matakala ki kira ni, sauran ni zan hau in ƙarasa da kaina.